Ina son bindigar farautar da zan iya canza wa bututu da ƙota nan gaba, amma gida ya rabu biyu

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne ɗan shekara 36, ina zaune a Sakkwato, ina aikin gwamnati, ina kuma taɓa noman fadama. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, maharbi ne, tun ina yaro nake bin sa daji. Ya bar mana tsohuwar adaka wadda ƙotarta ta tsage. Na daɗe ina tara kuɗi don in mallaki bindigar farauta ta zamani. Abin da nake nema a daji bai wuce zabo da fakara da zomo da tsuntsayen ruwa ba, sai gada jefi-jefi. Na ga a intanet ana maganar raifil ɗin da ake iya canza wa bututu da ƙota, sai abin ya shiga raina, domin ni dogo ne, duk bindigar da na ɗora a kafaɗa sai ta yi mini gajarta. Burina in sayi guda ɗaya yanzu, in riƙa inganta ta sannu a hankali. Yayana ya ce ɓarnar kuɗi ce, in sayi mai baki ɗaya in huta. Wani abokina ya ce zai haɗa ni da mai sayar da ta hannu da araha, takarda ta biyo baya, kuma akwai maƙerin da zai sa mata kowane irin bututu nake so. Maiɗakina kuwa ba ta son a kawo bindiga gidan ko kaɗan, saboda yaranmu uku da halin da ake ciki. Don Allah a ba ni shawara.

Wani mai karatu daga Sakkwato

Wa alaikumus salam, ɗan'uwana. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Sha'awar da ke ranka ba abin kunya ba ce. Mutumin da ya tashi yana bin mahaifinsa daji, ya san sawun zomo da kukan fakara da asuba, ba zai ji daɗi ba a ce masa abin nan wasa ne. Kuma tunanin da ka yi, na sayen abu ɗaya mai kyau da za a iya gyarawa maimakon sauye-sauye, tunanin mai tattali ne. Sai dai mutum ukun nan da ka ambata, biyu daga cikinsu suna da gaskiya a hannu, kuma ya kamata ka ji ta kafin ka fitar da ko sisi.

Mu fara da doka, domin ita ce za ta rage maka yawan zaɓin da intanet ya baza maka. Dokar makamai ta Najeriya, wadda ta fara aiki a 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, kuma a cikinsu aka lissafa raifil masu faɗin baki milimita 7.62 da milimita 9 da inci .300 da inci .303. Akwai na amfanin kai, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda: bindigar harbin tsuntsu wadda ba ta ɗura kanta, raifil na farauta da bakinsa bai faɗa cikin waɗancan huɗun ba, har da bindigar iska. Sai kuma masu ɗuri ta baki irin adakar Baba, waɗanda sha'aninsu ke wajen kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ka lura da abin da wannan yake nufi a gare ka. Harsasan da za ka fi jin Amurkawa suna yabo, .308 da .30-06 da dangoginsu, duk faɗinsu milimita 7.62 ne. Bindigar da ake ja wa hannu gaba da baya ta ɗura kanta ma ba ta cikin rukunin amfanin kai. Sannan doka ta ɗauki ɓangaren bindiga a matsayin bindiga, don haka bututun da kake shirin saye nan gaba shi ma sai da izinin shigowa da na mallaka, kuma gyaran bindiga aikin wanda hukuma ta ba izini ne. Ƙari a kan haka, a 2023 Sufeto Janar ya sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi saboda yawaitar makamai a hannun jama'a. Saboda haka tafiyarka ta farko zuwa hedikwatar 'yan sanda ta jiha ce, ka tambayi sashen da ke kula da makamai ko ana karɓar takardar neman lasisi yanzu, da irin bindigar da ake bayarwa a kai. Idan ƙofa a rufe take, ka juya kuɗin a cikin tumaki ko hatsi ka jira, ba za su lalace ba.

Daga nan ka ga matsayin shawarar abokinka. Wataƙila da zuciya ɗaya ya faɗa, yana son ka samu sauƙi, amma kada ka bi ta ko da taku ɗaya. Bindigar da ba ta da takarda ba ka san inda ta kwana ba, ba ka san abin da aka yi da ita ba, kuma ranar da aka same ta a hannunka kai ne za ka amsa tambayoyin da ba ka da amsarsu. Mallakar haramtaccen makami ba izini hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Batun maƙeri kuwa, maƙeranmu gwanaye ne a abin da suka gada, amma ƙarfin da ke tashi a cikin bindigar zamani wani abu ne daban. Harsashin bindigar tsuntsu mai lamba 12, wato awon faɗin bakinta, yana matsa bangon bututu da ƙarfin da ya kai wajen fam 11,500 a kowane inci murabba'i, na raifil .243 kuwa yana kai 60,000. Bututun da aka yi da ƙarfen famfo ko sandar sitiyari, ko wanda aka yi wa walda, yana iya jure harbi goma ya fashe a na goma sha ɗaya, kuma fuskarka da hannunka na hagu ne mafi kusa da shi. Ka gode wa abokinka, ka ce masa ka zaɓi hanyar takarda, ba sai an yi jayayya ba.

Yayanka kuma ya duba abin da kake harbi ne, ya yi magana a kai. Zabo da fakara da zomo da kirinjijiya duk abincin bindigar tsuntsu ne, a tazarar yadi 25 zuwa 40. Akwai kuma dalilin da ya fi wannan nauyi a ƙasa irin tamu, shimfiɗaɗɗiya mai ƙarancin itatuwa, ko'ina gona ko makiyayi da garkensa. 'Ya'yan dalmar bindigar tsuntsu suna zubewa cikin yadi 200 zuwa 300. Ƙaramin harsashin .22 yana iya tafiyar kusan kilomita 2 idan ya kuskure, kuma yana tsalle a kan ruwa da busasshiyar ƙasa, manyan harsasai kuwa sun wuce kilomita 3. A fadamar Rima lokacin noman rani, inda mutum ke duƙe cikin albasa ba ka ganinsa, wannan bambancin rai ne. Inda ban bi yayanka ba shi ne cewa tunanin gaba ɓarna ce. Ko a bindigar tsuntsu akwai abin da za ka zaɓa yau ya buɗe maka ƙofa gobe. Ka nemi wadda tsawon ɗakin harsashinta, wato inda harsashi ke zama a gindin bututu, milimita 76 ne, domin tana cin harsashin 70 da na 76, alhali mai 70 ba a sa mata na 76 ko da ya shiga, matsin yana hauhawa. Ka nemi kuma wadda ake murɗa wa zoben matse baki. Zoben nan shi ke ƙayyade yadda dalma ke bazuwa: mafi matsi yana zuba kusan kashi 70 cikin 100 na dalmar a da'ira mai faɗin inci 30 daga yadi 40, matsakaici kusan kashi 60, mai sassauci kusan kashi 50. Da zobe uku a aljihu ka samu mafi yawan abin da mutane ke nema a canjin bututu, cikin minti ɗaya, ba tare da an taɓa jikin bindiga ba. Dalma mai lamba 6 ta ishi fakara da zomo, lamba 4, mai manyan 'ya'ya, ta fi dacewa da zabo da agwagin ruwa saboda kaurin gashinsu. Kada kuma wani ya ce maka a rage tsawon bututu don sauƙin ɗauka, doka ta hana a mayar da shi ƙasa da inci 20.

To idan hukuma ta amince maka da raifil, kuma zuciyarka na kansa, ga yadda masu sani ke zaɓa. Abin da kake saye a zahiri shi ne uwar bindiga, wato ƙarfen tsakiya da ke ɗauke da sakata (ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu ya kulle shi) da kunama da lambar rajista. Bututu a gabanta ake murɗa shi, ƙota a ƙarƙashinta ake ɗaure ta da noti biyu. Duk abin da za ka iya canzawa nan gaba uwar ce ke yanke hukunci a kansa, don haka ka fi ba ta hankali fiye da ƙyallin katako. Ka tsaya a kan mai sakatar da ake ja da hannu, ita ce mafi sauƙin gini, mafi jure ƙura, kuma ita aka fi yi wa kayan canji.

Abu uku ne a jikin uwar ba sa canzuwa da sauƙi. Na farko tsawonta. Gajerar uwa tana ɗaukar harsashin da tsawonsa bai wuce wajen inci 2.8 ba, irin .243 Winchester, doguwa kuma tana ɗaukar mai inci 3.34, irin .270 Winchester. Doguwa na iya karɓar gajeren harsashi da ɗan gyara, gajera ba za ta taɓa karɓar dogo ba. Na biyu faɗin fuskar sakata, wurin da gindin kwanso ke zama. Mai inci .473 tana aiki da .243 da .270 da .22-250 da 7mm-08, mai inci .378 kuwa ta ƙananan harsasai ce irin .222. Wanda ya sayi mai ƙaramar fuska da niyyar hawa sama daga baya zai tarar sai ya canza sakata da gidan harsashi (inda ake jera harsasai kafin a ɗura), kuɗin ya kusa na sabuwar bindiga. A nan ne kuma tarko yake: fuskar nan ta .473 ita ce dai ta .308, don haka za ka ji ana cewa ai bututu kawai za a sauya. Ranar da aka sauya, bindigarka ta bar rukunin da lasisinka ya rufe ta koma cikin haramtattu. Na uku shi ne yadda aka haɗa bututu da uwa, kuma a nan kamfanoni suka sha bamban.

Remington 700, wadda ta fito a 1962, ita ce aka fi yi wa ƙota da kunama da bututu na canji a duniya, har wasu kamfanoni suna ƙera uwarsu a kan ma'auninta don kayanta su dace. Amma sa mata bututu yana buƙatar injin gyaran ƙarfe da gwani. Savage 110, tun 1958, tana da babban noti da ke riƙe bututu, wanda ya sa canjin ya fi sauƙi ga mai gyaran da ke da kayan awo. Sai dai kamfanin ya taɓa canza tazarar notocin ƙota a gajerar uwarsa daga inci 4.275 zuwa 4.40, shi ya sa ƙotar wani ƙarni ba ta shiga ta wani, sai an auna kafin a saya. Tikka T3x ta ƙasar Finlan tsawon uwa ɗaya take amfani da shi ga gajeren harsashi da dogo, kuma aikinta yana da daidaito ƙwarai. Howa 1500 ta Japan tana da ƙarfi da sauƙin kuɗi, amma tiredinta na ma'aunin milimita ne, bututun Amurka ba ya hawa kai tsaye. Blaser R8 ta Jamus an gina ta ne musamman don sauya bututu, sai dai kuɗinta ba na mai albashi ba ne. A ƙananan kuwa, CZ 457 ta ƙasar Cek bututunta da noti biyu aka riƙe shi, kuma .22 ta ishi zomo da zabon da ke tsaye a tazarar yadi 50 zuwa 75. Duk wannan sanin yana da amfani, amma tambayar da ta fi su ita ce: wanne ne dila mai rajista a ƙasar nan yake kawowa, wane harsashi ne yake da shi a kai a kai, kuma wa ke da izinin gyara ta? Bindigar da ta fi kowacce suna, idan harsashinta sai an yi shekara ana jira, ado ce kawai a cikin akwati.

Abin da ya sa canjin bututu ba aikin gida ba ne shi ne tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da wurin da kafaɗar kwanso ke tokarewa. Ana auna ta da ma'auni na musamman, kuma kuskuren da bai kai kaurin takarda biyu ba ya isa ya ɓata ta. Idan ta yi yawa kwanso yana miƙewa ya tsage, iska mai zafi ta dawo wa mai harbi. Idan ta yi kaɗan sakata ba ta rufuwa daidai. Akwai kuma murɗin tsagin cikin bututu, wanda ke juya harsashi ya tafi a miƙe: .22 yawanci zagaye ɗaya ne a inci 16, .243 da .270 zagaye ɗaya a inci 10. Harsashi mai tsawo da nauyi yana son murɗi mai sauri, in bai samu ba sai ya isa wurin a karkace.

Yanzu ga maganar da nake so ka riƙe da kyau. Da wuya ka taɓa buƙatar sabon bututu. Na .243, wanda ake ganin yana saurin cinyewa, yana kai harbi 1,500 zuwa 2,000 kafin saitinsa ya fara raguwa, na .22 kuwa dubun-dubatai. Maharbin da ke harba 50 a shekara ka lissafa da kanka shekara nawa ke gabansa. Mafi yawan bindigogin da ake cewa bututunsu ya mutu, in an duba, noti ne ya saki, ko tsatsa ta ci ciki saboda an ajiye ba a goge ba, ko an buga leɓen baki a ƙasa, ko katako ya kumbura yana tokare ƙarfe. Saboda haka kada ka biya kuɗi mai yawa don damar da wataƙila ba za ka taɓa amfani da ita ba. Ƙota ce matsalarka ta gaskiya, kai da bakinka ka faɗa, kuma ita ce mafi arha a gyara.

Ƙota kamar riga ce, a jikin mai ita ake auna ta. Daga kunama zuwa ƙarshen gindi, raifil na kanti yawanci inci 13.5 ne, bindigar tsuntsu kuma wajen inci 14 ko ɗoriya kaɗan. Dogon mutum mai dogayen hannuwa yakan buƙaci ƙarin rabin inci zuwa inci ɗaya. Ga yadda za ka gane. Ka tabbatar ba harsashi a ciki, ka sa irin rigar da kake shiga daji da ita, ka rufe ido, ka ɗora bindiga a kafaɗa kamar za ka harba, sannan ka buɗe. Idan hancinka na taɓa babban yatsanka ta yi gajarta, kuma za ta riƙa dukan fuskarka. Ya kamata a samu faɗin yatsa biyu a tsakani. Idan sai ka ɗaga kai ko ka danne kunci kafin idonka ya hau layin saiti, tudun ƙota ne bai dace ba. Ka gwada kuma idon da ya fi rinjaye: ka nuna wani abu mai nisa da yatsa idanu biyu a buɗe, ka rufe ɗaya bayan ɗaya, idon da ke buɗe lokacin da yatsa bai gusa ba shi ne mai rinjaye. Idan na hagu ne, gara ka sani tun kafin saye, domin uwa ta bahago daban take kuma ƙotarta ma daban. Gyaran tsawo ba ya buƙatar sabuwar ƙota. Akwai faifan roba da ake ƙarawa a gindi, kowanne kwata ko rabin inci, akwai kuma safar roba da ake zurawa wadda ke ƙara kusan inci ɗaya ta rage bugun kafaɗa. Ka zaɓi bindigar da robar gindinta da sukurori aka ɗaure ta, ba da gam ba. Idan za ka sa madubin saiti, ka bar inci 3 zuwa 4 tsakaninsa da ido, kuma ka sani yana ɗaga layin gani, sai an ƙara wa kunci matashi.

Yanayin Sakkwato shi ma yana da ta cewa a kan kayan da aka yi ƙota da shi. Da hunturu iska ta bushe, katako yana tsukewa, notoci su saki. Da damina yana shan danshi ya kumbura, gabansa ya tokare bututu, sai ka ga harbi ya koma gefe ba ka san dalili ba. Gwajin mai sauƙi ne a raifil ɗin da aka gina bututunsa ba ya taɓa katako: ka zura takardar kuɗi a ƙarƙashin bututu ka ja ta zuwa kusa da uwa, idan ta maƙale akwai inda ake tokarewa. Ƙotar roba mai arha ba ta shan ruwa, amma a zafin bazara da ke wuce digiri 40 gabanta yana laushi ya lanƙwasa. Ta alminiyum ba ta motsi, sai dai ka bar ta rabin sa'a a rana ka ga ko za ka iya ɗora mata kunci, ga nauyi. Wadda ta fi dacewa da mu ita ce ta katakon da aka manne falle-falle, ko roba mai kauri da aka sa wa ƙarfe a wurin zaman uwa. Idan ta katako zalla ka samu, a shafe cikinta da man katako kamar yadda aka shafe waje, musamman ƙarƙashin bututu da bayan robar gindi, domin ta nan danshi ke shiga. Notocin ƙota kuma ka duba su a farkon hunturu da farkon damina, a ɗaure daidai da awon da kamfani ya rubuta, domin wuce kima yana murƙushe katako. Ranar da za ka sayi sabuwar ƙota, sai ta dace da uwar ta kowace fuska: samfuri, tsawo, tazarar noti, irin gidan harsashi, da faɗin kwarin da bututu ke kwanciya.

Adakar Baba kuwa, ka fara da daidaita takardarta a wurin 'yan sanda, ka tambaye su wanda aka yarda ya taɓa ta. Idan za a sassaƙa mata sabuwar ƙota da maɗaci ko kirya, itacen ya zama ya bushe sosai, kuma jijiyarsa ta bi tsawon wuyan ƙota, domin idan ta gitta nan take sake tsagewa. Kada a harba ta sai an duba cikin bututun, tsohon ƙarfen da tsatsa ta rarake ba ya nuna kansa daga waje.

Na bar maganar maiɗakinka zuwa yanzu ne don ita ce mafi nauyi. Tsoronta ba na rashin sani ba ne. Tana jin abin da ke faruwa a Isa da Sabon Birni da Tangaza, ta san yadda mutum da bindiga a hanya yake zama abin zargi, kuma wataƙila ta ji labarin mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025. Ita ce kuma ke wuni da yara a gida lokacin da kake wurin aiki. Kada ka ce mata ai ba komai. Ka zaunar da ita ka nuna mata shiri: akwatin ƙarfe mai kwaɗo da za a kafe a bango tun kafin bindiga ta shigo, harsashi a wani wuri daban shi ma a kulle, sakata a cire, makulli a jikinka kullum. Ka yi mata alkawarin ba farautar dare, ba shiga dajin Gundumi ko wani dajin da ake fargaba, ba fita kai kaɗai, kuma lasisi yana aljihunka duk inda ka sa ƙafa. Ka gabatar da kanka ga sarkin baka da mai gari da baturen 'yan sandan yankin da za ka riƙa zuwa, ka tambayi ma'aikatar da ke kula da gandun daji batun izinin farauta da dabbobin da aka hana taɓawa, domin lasisin bindiga bai ƙunshi wannan ba. Ka nuna mata kuma cewa kuɗin nan bai taɓa abincin gida da makarantar yara ba. Idan bayan duk wannan hankalinta bai kwanta ba, ka tambayi 'yan sanda yadda ake ajiye bindiga mai lasisi a rumbun makamai na hukuma, ka riƙa karɓa lokacin fita. Zai ɗan wahalar da kai, amma ya fi ka kawo abin da zai hana ta barci.

A lissafin kuɗi, kada bindiga ta cinye fiye da rabin abin da ka tara. Sauran na akwati ne da lasisi da harsashin gwaji da sandar gogewa da mai. Idan ta hannu ce daga dila mai rajista, ka duba lamba ta yi daidai da takarda kuma ba alamar an goge ta, ka leƙa cikin bututu a haske ka nemi ramukan tsatsa ko kumburi, ka duba leɓen baki, ka duba bayan uwa ko katako ya fara tsagewa. Idan mai karyewa ce, wato wadda ake buɗewa a tsakiya a sa harsashi, ka rufe ta ka girgiza, kada ka ji tana kaɗawa. Mai kuma kaɗan ake sa wa a hunturu, domin idan ya haɗu da ƙura yana zama abin da ke cin ƙarfe. Kada a bar ta cikin jaka da damina, kada a bar harsashi a mota cikin rana.

Da ni ne a matsayinka, da mai baki ɗaya ko biyu mai lamba 12 zan nemi lasisinta, mai ɗakin 76 da zoben baki, in ƙara mata tsawo a gindi tun ranar farko. Kafin ka kai ta daji, ka kafa babbar takarda a yadi 40 a wurin da akwai tudu a bayanta, ka harba kowane zobe sau uku da dalmar da za ka yi amfani da ita, ka ga inda tsakiyar zubin yake. Idan yana sama ko ƙasa da inda ka nufa, tudun ƙota za a gyara. Ka yi damina biyu da ita. Idan bayan nan ka tarar akwai naman da take gaza maka kuma hukuma na bayar da izini, sai ka nemi raifil da sanin abin da kake buƙata, ka fara tambayar dila uwar da yake da kayanta da harsashinta. Allah ya ba da sa'a, a gaida iyali.